Daminar da Nomau Ya Kai Ja

Bana malka ta zo wa Gusau da nauyi. Mun daɗe ba mu ga ƙwayar rana ba, shanya ba ta bushewa, gishiri ya yi ruwa a kwalba, katangar maƙwabcina ta zube cikin lungu. Duk wannan bai dame ni ba. Shekaranjiya ne ina dawowa daga aiki na bi ta bakin wani kango inda matan da suka gudo daga ƙauyukan Tsafe suke fakewa, sai warin tafasa a kan wuta ya buge ni, tafasa zalla, ba ƙuli ba mai. Na tsaya cak a tsakiyar hanya har wani ɗan acaɓa ya daka mini tsawa, "Hajiya, titin na gidanku ne?" Ni da ba a gaya mini magana in haɗiye, ranar ko kallonsa ban yi ba. Warin nan ya mayar da ni wata damina da na daɗe ina kauce wa tunaninta.

Lokacin ina sabuwar ma'aikaciyar lafiya, aka tura ni wani ƙauye can bayan Nahuce, a ƙasar Bungudu. Ba sai na faɗi sunansa ba, ko na faɗa ba mai zuwa, yau kufai ne, 'yan bindiga sun tashe shi. Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Mu biyu ke riƙe da shi, ni da Malam Bawa, shugabana, wani dogon dattijo mai haƙurin da har haushi yake ba ni. Ni kuwa a lokacin bakina ba linzami, abin da na gani shi nake faɗa.

Shekarar ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka da murna, sai sama ta ɗauke. Shuka ta ƙone tana tsawon yatsa. Aka sake zuba wani irin, wannan karon daga hatsin da aka ajiye don ci. Kafin a gama noman firi, wato noman farko bayan shuka, in ka buga rumbu da hannu sai ya amsa maka. Tuwon rana aka fara bari. Daga nan tuwon dare ya koma kunu, kunun ya koma na dusa, dusar ma ta yi wuya. Sai ganye. Mata kan fita da ƙwarya tun kafin gari ya waye sosai, kowa na rige-rigen tsinkar tafasa da rama da yaɗiya kafin wata ta riga ta. Da hantsi duk ƙauyen warin nan yake yi, ya kama tufa, ya kama gashi, har a numfashin yara kana jinsa.

Ba a fasa gayya ba, don ciyawa ba ruwanta da yunwar mutum. Amma gayyar da aka saba kai wa fura da nono, shekarar farau-farau ake kaiwa, ruwa da ɗan gari a gindin ƙwarya. Na ga magidanta sun ɗaure ciki da rawani suna noma, mai kiɗa ya buga kaɗan ya zauna. In sun tashi sai su taimaka mana kuma, su hau rufin asibiti su danne kwano da duwatsu, mata su ɗebo mana ruwa su cika randa. Ba wanda ya sa su. Cewa suke asibitin nasu ne.

Aikina kullum iri ɗaya ne. In na yi sallar asuba in share kashin jemagu da ya zubo daga silin, in zubar da ruwan da robobi suka tara a inda rufi ke yoyo, in hura gawayi in tafasa almakashi da sauran ƙarafan aiki. Sannan in buɗe ƙofa ga masu zazzaɓi da masu gudawa. Rana ɗaya a mako kuma ta awo ce, ranar da iyaye mata ke kawo yara a duba tamowa, ciwon nan na yunwa da ke tsotse yaro.

Abin awon wani siririn tef ne na roba da ake zagaya wa dantsen yaro. Launi uku gare shi. In dantsen na da kauri ya tsaya a kore, lafiya lau ke nan. In ya fara ramewa ya tsaya a ruwan ɗorawa. In ya rame ƙwarai ya faɗa ja. Mai ja muna ba shi madarar tamowa, wani kwaɓin gyaɗa da madara a 'yar leda, wanda matan ƙauye ke kira gyaɗar asibiti. Wallahi abin nan yana aiki. Yaron da aka kawo kamar tsumma, kafin wata ya zagayo sai ka gan shi yana bin awaki da gudu. Mai ɗorawa kuma muna ba uwarsa garin kunu mai haɗi, don kada ya gangara. Mai kore sai addu'a. Matan har wasa suka mayar da shi, in tef ya nuna kore sai su ce, "To, kore, an kore mu," su saɓa goyo suna dariya.

Ana tsakiyar haka saƙo ya zo daga ofishinmu na cikin gari cewa garin kunu ya ƙare, ba kuma ranar zuwansa. Daga yau ja kaɗai za a ɗauka. Na ce wa Malam Bawa, "Wato mu zauna mu zuba ido yaro ya faɗa rami, sannan mu miƙa masa hannu?" Ya ce, "Malama, haka anka ce." Na ce wanda ya ce ɗin ya zo ya faɗa da bakinsa mana. Ranar awo Malam Bawa ya fito baranda, ya ɗaga murya yadda ta bayan layi za ta ji.

"Masu ja ku tsaya. Masu ɗorawa da masu kore ku koma gida, sai in sun kai ja ku dawo."

Kowane mako sai ya faɗi haka, kowane mako kuma in ya faɗa sai ya shige ɗaki ya daɗe bai fito ba. Cikin ɗan lokaci magana ta juya a bakin mata. Wadda ɗanta ya faɗa ja sai ka ji ana ce mata, "Barka, ya ci!" kamar wanda ya ci jarrabawa. Ranar da na fara jin an yi wa uwa barka don ɗanta ya kusa mutuwa, na ɗago kai daga awo, amma ba wadda zan iya yi wa faɗa, don na san abin da suke nufi.

A irin wannan ranar Tumba ta zo. Wata gajeriyar mata ce mai wushirya, daga wata tunga da ke ƙetaren fadama, bakinta ba ya shiru. Mijinta ya tafi haƙar zinariya tun bazara, ya bar ta da yara da gona. Ƙaramin shi ne Nomau, an haife shi lokacin noma, bai daɗe da yaye ba. Gashinsa ya yi ja-ja ya yi laushi, amma idonsa tar, har ya kama tef ɗin yana neman kai shi baki. Na zagaya masa. Ɗorawa.

Tumba ta leƙo ta ce, "Malama, ja shi kaɗan mana, shi yi ja."

Layi ya fashe da dariya, ni ma na yi. Kuma na ja ɗin, Allah ya sani na ja, har yaron ya yi ƙara. Bai kai ba, da sauransa. Sai na shiga karanta mata abin da aka koya mana a makaranta, ki ba shi ƙwai, ki ba shi kifi, ki sa masa wake da gyaɗa a kunu. Ta saurare ni tsaf har na gama.

"Ƙwai? Malama, kazar da za ta yi ƙwan mun cinye ta tun noman firi. Ko ke za ki yi muna shi?"

Kunya ta kama ni. Ta zare wani zare daga bakin zanenta ta ce in nuna mata daidai inda ja ya fara. Na nuna mata, ta auna, ta ƙulla ƙulli a wurin, ta ɗaure zaren a wuyanta. Har yabonta na yi a gaban mata, na ce ga mai hankali, za ta riƙa dubawa a gida kada abu ya ƙwace mata. Ta goya Nomau ta tafi tana tsokanar wata tsohuwa a bakin ƙofa.

Bayan tafiyarta malka ta kankama. Ruwa ba ƙarfi ba tsayawa, yaf-yaf-yaf, wuni guda. Gidajen ƙasa suka fara zubewa, itace ya jiƙe, wuta ba ta kamawa sai hayaƙi. Sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya shiga kowane gida. Fadama ta cika ta raba mu da tungayen ƙetare. Gulbin da ke tsakaninmu da gari shi ma ya kawo, motar da ke kawo mana kaya ta daina zuwa. Kwalayen madarar tamowa suna raguwa muna kallo. Muka rage wa kowane yaro rabonsa, muka sake ragewa.

Malam Bawa ya ce ba zai zauna ba. Ya hau tsohon babur ɗinsa, aka ɗora shi a kwalekwale aka ƙetare da shi, ya tafi gari. Da la'asar ya dawo jiƙe sharkaf, bayan babur ba komai. Na tare shi tun bai sauka ba.

"Ina kayan?"

"Suna nan, Malama. Na gan su da idona ta taga, kwali bisa kwali har rufi."

"To?"

"Sito a kulle. Mai makulli ya tafi taron bita."

"Bitar me?"

Ya sunkuyar da kai yana matse ruwa daga hularsa. "Bitar yaƙi da tamowa."

Kai! Ranar na zagi mutanen da ban taɓa gani ba, na zagi makulli, na zagi otal ɗin da suke zaune suna shan shayi. Malam Bawa ya bar ni na gama, ya ce in je in duba mai naƙuda. Ya sake komawa garin, aka ce mai makulli ya dawo amma babban da zai ba da izini ba ya nan. Kafin ya yi zuwa na uku madarar ta ƙare ƙaf. Muka farke kwalayen muka toshe tagogin da feshi ke shigowa. Duk wadda ta zo muna gaya mata gaskiya, labari ya bazu a ƙauyen da kewaye. Tungayen ƙetaren fadama ne kawai bai kai ba, don ba mai zuwa ba mai dawowa.

Sai wata safiya sama ta washe. Rana ta fito da zafi, ƙasa na tururi, gero ya fitar da kai, tsuntsaye sun fara sauka a gonaki. Ranar awo ce, amma mata kaɗan suka zo, su ma don zazzaɓi. Ina durƙushe ina wanke ma'aunin zafi na ji muryarta tun daga bakin shinge.

"Malama! Malama, ya kai!"

Tumba ce, jiƙe har ƙirji, ta ratso fadama da ƙafa. Ta sa zanenta na fita, ta sa kwalli. Fuskarta fal murna. Ta kwance goyo ta ɗora mini Nomau a cinya, sai na ji kamar an ɗora mini ƙunshin kara. Fatarsa ta yi yawa a jikinsa, bakinsa duk gyambo, idon nan mai haske ya shige ciki. Bai yi kuka ba. Mu a aikinmu yaron da ya daina kuka shi muke tsoro. Ta ciro zaren daga wuyanta ta zagaya masa da kanta don in gani, ƙullin ya wuce har da rara.

Wata mata a kan benci ta buɗe baki za ta ce barka, ta tuna, ta rufe.

Na ce, "Tumba, me ya same shi haka? Gudawa ya yi?"

"A'a, lafiya lau. Ni na rage mai kunu."

"Kin yi me?"

"Ai sai ya kai ja, haka anka ce. Na ga in na yi ta ba shi ɗan abin da muka samu, nan zai tsaya ga ɗorawa, ba shi gaba ba shi baya. Sai na riƙa ba yayyensa rabonsa, su ke zuwa gona. Shi ruwa da ɗan romon ganye. Kullum da safe ina awo. Wallahi Malama ban ji daɗi ba, kwanan farko kuka ya yi ta yi yana bin ƙwarya, sai in fita waje in toshe kunne. Amma na ce ya yi haƙuri, yunwar 'yan kwanaki ce, daga nan gyaɗar asibiti har ya ƙoshi. Tun wancan mako ya kai, ruwa ya tare mu."

Tana magana tana leƙen bayana, wajen da kwalaye suke zama. Idonta ya bi bango ya sauka a taga, ya tsaya a kan kwalin da muka toshe ta da shi, ga hoton ledar a jiki. Na juya neman Malam Bawa. Yana tsaye a ƙofar ɗaki, ya ji komai. Ni na gaya mata. Ban san da wace murya ba, amma na ce, "Tumba, ta ƙare. Ba ko leda ɗaya."

Ba ta yi ihu ba. Murmushin ma bai bar fuskarta nan da nan ba, sai da ya ɗan jima, kamar ta ɗauka irin wasanmu ne. Ta ce, "Ta wasu dai ta ƙare. Shi ai ja ne."

Na dama ruwan sukari na ɗiga masa da cokali, yana dawowa ta gefen baki. Ko da madarar tana nan, ya wuce inda zai iya ci da kansa. Irinsa sai babban asibiti a Gusau, inda ake sa siririyar roba ta hanci. Malam Bawa ya tayar da babur. Na naɗe Nomau da tawul ɗina, na goya mata shi da hannuna, na ɗaure da kyau. Suka tafi, laka na fallatsa a bayansu.

Kafin azahar na ji ƙarar babur ya dawo. Malam Bawa ya ce sun isa gulbi, kwalekwale na wancan ƙetare, mai shi ya tafi gona. Suka yi ta kira. Da aka samo shi ya tuƙo ya iso, Tumba ta juya baya ta ce a gyara mata goyo kafin ta shiga. Da Malam Bawa ya ɗaga tawul ɗin sai ya ce wa mai kwalekwale ya yi haƙuri, an fasa. A ƙauyenmu aka yi wa Nomau sutura, don ba mai iya ratsa fadama da gawa. Liman ya yi salla, mutane kaɗan, kowa ƙafarsa da laka.

Motar ta zo ana yankan gero. Kwalaye har sun fi na da yawa, da wasu mutane masu manyan riguna da mai ɗaukar hoto. Suka ce mu tsaya a gaban kayan mu yi murmushi. Malam Bawa, mutumin da ban taɓa jin ya ce a'a ba, ya ce shi ba ya shiga hoto, ya ɗauki buta ya zagaya baya. Ni na tsaya, amma na gaya wa babbansu cewa ya makara, na kuma gaya masa yaron da makarar ta ci. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya tambayi mai hoto ko hasken ya yi.

Yau ina wani asibiti a cikin Gusau, na kusa ajiye aiki. Akwai fanka, akwai siminti, yaran da nake koya wa aiki kowa da waya a hannu. Tef ɗin dai shi ne, launi uku. Madara takan zo takan yanke. A da gulbi ake cewa ya hana, yanzu hanya ake cewa ba tsaro, ko masu tallafi sun janye. In ta yanke ba babba ko ɗaya da ke zuwa baranda ya faɗa, mu ne dai, mu da iyaye ke kallo a ido. Abu ɗaya na hana a inda nake, ba mai ce wa uwa ta dawo in ɗanta ya kai ja. Yaran suna ganin faɗan tsufa ne, ban taɓa ba su labarin ba.

Bayan tafiyar motar da 'yan kwanaki, fadama ta janye, Tumba ta zo. Ba ranar awo ba ce, baranda ba kowa. Ta rame, ba kwalli, bakin nan ya mutu. Ta ajiye mini tumu a ƙwarya, sabon gero gasasshe, ta ce na gonarta ne. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Ta kalli sababbin kwalayen da ke jere a bayana ta daɗe, sannan ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. A nan na lura cikinta ya fito.

"Malama, ba faɗa na zo yi ba. Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Tambaya gare ni."

Na ce ina jin ta.

"Na kawo shi da fari, anka ce bai kai ba. Na kawo shi daga baya, ya wuce. To tsakanin nan, wace rana ce ya kamata in zo?" Ta dafa cikinta. "Ki gaya mani daidai, don in sani saboda wanga."

Ba gatse a muryarta, da gaske take tambaya. Ta gyara zama ta zuba mini ido, tana jira in faɗa mata ranar.